Ashe Anti ba ta taɓa kashe wayarta ba

Duk masu cewa wayar Anti Hadiza ta lalace, kun yi kuskure! Lafiyarta ƙalau.

Ɗazu na shiga gidanta a unguwar Glenwood, na tarar tana ta jijjiga waya. 'Yarta na naƙuda a Maraɗi tun safe, kira ya ƙi shiga, saƙo ya ƙi fita. Mijin Anti ya ce rezo ne, wato matsalar layin waya. Maƙwabciya ta ce a sayo sabuwa.

Na ce, "Anti, kin kashe kin kunna?"

Ta ce, "Sau goma! Duba." Ta taɓa maɓallin gefe, fuskar wayar ta yi baƙi. Ta sake taɓawa, haske ya dawo. "Kin gani?"

Na ce, "Haba Anti, ai wannan ƙifta ido ta yi!"

Shekara biyu, haka take kashewa! Na danne maɓallin har wayar ta mutu da gaske. Anti ta dafe ƙirji: "Ke 'yar nan, hotunana!"

Tana kunnuwa sai saƙonni suka ɓarke. An haihu lafiya, mace, tun awa uku da suka wuce! Anti ta rangaɗa guɗa.

Yanzu abin da nake son sani: su nawa ne haka? Ranar walimar suna zan karɓi wayar kowace Hajiya in ce, "Kashe in gani."