Lambar Kawu a Cikin Manhajar Layi

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafinta a babban asibiti. Aikinsa ya tsaya tsakanin likita da mara lafiya, hannu ɗaya a baya, ya ɗauko magana daga wannan baki ya kai wancan kunne. Harsuna biyar yake ji ban da na boko, kuma a cikin biyar ɗin babu wanda ya koyi yin shiru da shi. Kowa Tafinta yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Sai da ya yi ritaya muka gane ashe aikin ne yake riƙe da shi. Watan farko ya gyara duk kujerun gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Wata na biyu ya koma yi wa matarsa tafinta tsakaninta da mai gyaran famfo, alhali su biyun harshe ɗaya suke ji. Wata na uku ya daina komai. Ya tare a kujerar bakin taga, waya a aljihun gaba ba mai kira, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Ni kam tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin an yi tambaya a gaban Kawu ya bar ta ta wuce ba sai a lokacin.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani, mu shida a ɗaki biyu, a saman shagon masu facin taya. Manhajar waya muka ƙera wadda mutum zai kama layin ganin likita tun daga gida, ya huta da zaman benci. Amma da harshen boko kaɗai take magana, shi ya sa waɗanda suka fi kowa goge bencin ba su san da zamanta ba. Manaja ya ce a ƙara mata harsuna biyar kafin ƙarshen wata, da rubutu da murya, tunda da yawa ba sa karatu. Ya ɗora mini, ya tafi shan shayinsa. Harshenmu na yi da kaina. Sauran huɗun na miƙa wa na'urar fassara, ta yi kame-kame a ɗaya, uku kuma ko labarinsu ba ta taɓa ji ba. A cikinsu har da yaren kakata, wanda ni ko gaisuwa ban iya da shi ba. Nan na tuna da mutumin bakin taga.

Washegari Kawu ya riga mai shara isowa ofis, sanye da tsohuwar farar rigar aikinsa, an goge ta har tana ƙyalli. Na buga masa jerin maganganun manhajar a takarda, ɗari huɗu da sha biyu: shiga, koma baya, layi ya cika, an samu matsala, da sauransu. Ya sa tabarau ya karanta duka, ya ɗago ya tambaye ni wane mara tarbiyya ne ya rubuta su. Ban ce masa ni ce ba.

Rigimarsa ta farko da Mai Zane ce, wadda take tsara fuskar manhajar. Maɓallin shiga haruffa goma sha biyu yake ɗauka, Kawu ya kawo mata layi uku, don sai ya gaida mutum, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce bismillah. Ta nuna masa faɗin maɓallin da farcenta. Ya ce to a ƙara wa maɓallin girma, ai ba a faɗa wa mutum cikin waya ba sallama. Kwana biyu suna abu ɗaya, kafin aka yi sulhu: gaisuwa ta samu shafinta a farko, maɓalli ya tsira da mutuncinsa.

A ɗakin ajiya muka ɗauki muryar, bayan mun rataye barguna a bango saboda ƙarar injin iskar masu faci. Kawu ya ƙi zama. A tsaye ya yi, hannu a baya, yana kallon makirufo kamar mara lafiya ne a kan gado. Na lura da abu ɗaya: saƙon "an samu matsala" daƙiƙa uku ne a harshenmu, a nasa huɗun kuwa kowanne ya haura arba'in. Na tambaya, ya ce su haka suke faɗa. Wa zan kai wa ƙara? Duk ofishin babu mai jin ko ɗaya. Na ɗora, muka saki manhaja.

Kwana goma bayan nan matar Kawu ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ta ce in zo in kwashe abin da na zuba mata a gida.

Na tarar da Kawu a kujerar bakin taga, waya a kunne, babban littafi a cinya, abinci ya huce a gefe. Yana ajiye wannan kira wani na shigowa, yana sauya harshe kamar mai sauya hula. Fuskarsa ta ciko. Da ya samu sarari na tsare shi, sai ya fassara mini abin da ya faɗa a ɗakin barguna, ko kunya babu. Wai an samu matsala, amma ba laifinka ba ne, kuma ba ka lalata wayar ba. Ka zauna ka huta, ka sake gwadawa. Idan ta ƙi, ga lambata. Ya karanto lambar wayarsa sau biyu, a hankali, saboda tsofaffi.

Na dafe kai na ce, "Kawu, ka san mutum nawa ne suka sauke manhajar nan?"

"'Yata," in ji shi, "shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce wa mutum an samu matsala in juya masa baya ba. Me zai yi da ita? Ya kai ta gida?"

Ya kamata in gaya wa Manaja a ranar. Ban gaya masa ba, don na ga Kawu ya cinye abincin nan da ya huce har ya nemi ƙari.

Asiri ya tonu ran wata Litinin da safe, da na'urarmu ta tsaya cak na awa uku. Duk wanda ya taɓa manhajar sai ya ji muryar Kawu tana ba shi haƙuri da lamba. Wayarsa ta yi zafi har matarsa ta ɗora ta a kan jiƙaƙƙen tsumma. Daga baya ma muka gano akwai masu kashe data da gangan don saƙon ya fito, wai muryar tana kwantar musu da hankali. Wasu a kan batun layin likita suke kira, wasu takardar asibiti suke so a karanta musu, wani dattijo kuma kullum sai ya kira ya ba da rahoton gwiwarsa. Magani ne kawai Kawu ba ya taɓawa, ya ce shi ba likita ba ne, bakin likita ne.

Labari ya kai kunnen Manaja, ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce kamfani ba zai raba wa duniya lambar wani dattijo ba, in wani abu ya faru wa za a kama? Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Da hannuna na datse muryar Kawu a daƙiƙa ta huɗu, a harsuna huɗu. Da na je na gaya masa, sai ya rufe littafinsa ya ce, to, aikinku ne. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Kira bai ɗauke lokaci ɗaya ba. Waɗanda suka riga suka samu lambar sun ci gaba, amma matsalarsu tana warwarewa, sababbi kuma ba su da hanya. Cikin mako uku sai mai gwiwa kaɗai ya rage, shi ma ɗansa ya zo ya ɗauke shi. Ranar da na leƙa gidan, Kawu ya miƙo mini wayar ya ce in duba masa, kamar ta lalace. Na jujjuya ta na duba ko'ina, lafiyarta ƙalau.

Matar Kawu ce ta hau matakalar ofishinmu, tana hutawa bayan kowane taku biyar, da littattafai uku a jaka. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta zauna a gaban Manaja.

"Ɗana, ni na kawo ƙara, ni na zo janyewa. Ƙarar waya ta fi mini wannan shirun. Jiya ko mai famfo da ya zo, Tafinta bai tanka masa ba."

Ta zube littattafan. Kowane kira Kawu ya rubuta shi: rana, harshe, da inda mutum ya maƙale. Manaja ya buɗe don ya fita kunyarta, sai ya kasa rufewa. Mutum sittin da wani abu sun tsaya a shafin da muke tambayar ranar haihuwa, don ba su san ta ba, mu kuma mun hana a wuce. Wata huɗu muna neman dalilin da ake gudu daga shafin nan, har taro mun yi a kai sau biyu.

Lambar Kawu dai ba ta koma ba, Manaja bai sauka daga nan ba. Layin kamfani aka saya, aka sa tebur a bakin tagarmu, daga ƙarfe tara zuwa biyu. Kawu ya ce teburin a ba Mai Zane ta ɗora kaya, shi a tsaye yake aiki. Muka sake rataye barguna, ya karanto sabuwar lamba sau biyu, a hankali.

Kiran farko wata tsohuwa ce, da yaren kakata. Da ya gama warware mata matsalar layinta, sai ya buɗe lasifika ya yafito ni, ya gaya mata ga wadda ta sa waya ta iya yarensu, kuma jininsu ce. Tsohuwar ta gaishe ni. Na tsaya baki buɗe, ban san amsar ba. Ta jira, ta sake gaishe ni, na juya na dubi Kawu. Daga nan ta ɗauko magana, ta yi kusan minti guda ba numfashi, kuma ko ba ka jin yare ka san muryar faɗa.

Kawu ya gyara tsayuwa, ya mai da hannu baya, ya dube ni.

"Ta ce sannu da aiki."

Na ce masa ni fa na auna tsawon maganganu ɗari huɗu da sha biyu a harsuna huɗu, na san sannu da aiki ba ta kai minti guda.

"Sauran ba na kamfani ba ne," in ji shi. "Jawo kujera. Tana kan layi, kuma ta ce ba za ta kashe ba sai kin amsa."