Na'urar Tsvetana

Shekara talatin da ɗaya Tsvetana Karagyozova ta yi tana aikin injiniya a wani ƙaramin kamfanin haɗa na'urorin asibiti a birnin Plovdiv. Mace ce marar yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Ita da mijinta Boyan ba su samu haihuwa ba har ya rasu, ba ta kuma taɓa kai kukanta wurin kowa ba.

Wata shekara aka ce su ƙera na'urar da ungozomomin ƙauyukan kan dutse za su riƙa jin bugun zuciyar ɗan tayi da ita. Na'urar kan tura sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin mai juna biyu, ya dawo yana kaɗawa sau miliyan biyu a daƙiƙa. Ɗan guntun kayan lantarkin da zai auna shi ya mai da shi lambobi kuwa, iyakarsa awo dubu hamsin a daƙiƙa.

Lyuben, shugaban sashensu, ya kwashe da dariya. "Ƙa'ida ta ce awo ya zama ninki biyu na kaɗawar, miliyan huɗu ke nan. Da jaki za ki shiga tseren mota?"

"Ai ba duka nake so ba," in ji ta. "Labarin zuciyar siririn zare ne, faɗinsa bai wuce kaɗawa dubu uku ba. In na tace sauran na zubar, ko a hankali na auna zai sauko ƙasa yadda yake. Yawan awon kawai zan zaɓa daidai."

Karon farko ba ta dace ba. Sautin ya naɗe a kan kansa, lasifika ta yi ta ƙara kamar ana soya kifi. Mako uku ta yi tana sake lissafi.

Ranar da ta gama, sai ga abokiyar aikinta Radka mai liƙa wayoyi da dalma ta tsaya a bakin ƙofa. Cikinta wata shida ne, ta kuma yi ɓari sau biyu a baya.

"Yaya Tsveta, gwada a kaina. Tun jiya ban ji motsi ba."

Tsvetana ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora na'urar. Shiru. Ta ɗan gusa hagu. Sai ga shi, fat-fat-fat, da sauri.

Radka ta fashe da kuka. Tsvetana ta daɗe ba ta ɗaga hannu ba.

"Wannan ɗan ya fi uwarsa surutu," in ji Lyuben daga waje, yana goge tabarau.

Mace Radka ta haifa, aka sa mata Desislava. Na'urar ta shiga jakar ungozomomi. Da Tsvetana ta yi ritaya ta koma gidan mahaifiyarta a ƙauye, gwiwa ta fara damunta. Duk kaka Desislava takan zo ta taya ta tsinkar inabi, tana ƙorafin babu abin da ta tsana a makaranta kamar lissafi.