Nauyin Marhun

Marhun bai iya tuƙi ba, bai iya hawan sandar jirgin ruwa ba. Abin da Allah ya ba shi jiki ne, kuma a ƙauyensu na gaɓar Oman jiki ma sana'a ce. Ranar tseren jirage, idan iska ta cika babban ƙyallen da ke kan sanda ta kwantar da jirgi gefe guda, dole a sami ƙato ya danne ɗaya gefen da buhunan yashi, in ba haka ba kowa ya sha ruwan gishiri. Aikinsa ke nan tun yana saurayi. Aka juya ƙyalle, ya kinkimi buhu ya koma wancan gefe. Sauran shekara kuwa ɗinkin taru yake yi.

Tseren ba wuyar ganewa. A fita ana fuskantar iska, ana karkata dama da hagu, a zagaye jar gangar da ke tsakiyar teku, sannan iska ta turo jirgi gida. To daga ganga nauyi ya zama kaya. Iska ta yi sanyi, a zubar da yashi. Ta ƙara mutuwa, mutum ya faɗa ruwa, kwalekwalen da ke biye ya tsince shi. Wa ake fara kallo? Marhun mana. Shekarun da ya iso gaɓa a cikin jirgi ba su ci tseren ba, shekarun da suka ci yana cikin ruwa. Abin yana cin ransa, bai dai taɓa faɗa ba.

Da gwiwoyinsa suka gaza, ya ce bana ce ta ƙarshe. Mai tuƙin yanzu Halfan ne, ɗan ƙanwarsa.

"Kawu, wallahi bana ko nutsewa za mu yi, da kai za mu shiga gaɓa," in ji Halfan.

"To a rage masa shinkafa tun yau!" wani ya ce. Aka kwashe da dariya, har da Marhun. Ya sa aka wanke masa farar riga, ya gaya wa 'yarsa ta kawo jikokinsa bakin ruwa.

Ranar tseren, jirginsu ne ya fara zagaye ganga. Sai iska ta kwanta. Aka zubar da yashi kaf. Samari biyu suka faɗa ruwa, duk da haka jirgin ƙauyen maƙwabta yana ta matsowa, har ana jin ihunsu. Babu wanda ya kalli Marhun. Kowa ya kafe ido a kan ƙyalle, kuma wannan rashin kallon ya fi masa kallon zafi.

"Halfan," ya ce, "kama iskarka."

"Kawu, zauna!"

Ya riga ya zame.

Daga cikin ruwa ba ya ganin gaɓa, kiɗan mutanen ƙauyensu dai ya jiyo, ya san sun ci. Tsoho Salmin mai kwalekwale ya jawo shi da ƙyar, farar rigar ta manne masa a jiki, haƙoransa na haɗuwa. Salmin ya lulluɓa masa bargo, ya zuba masa gahawa mai zafi.

"Yaushe ka fara yawo da bargo, Salmin?"

Salmin ya kau da kai. "Ba nawa ba ne. Halfan ne ya ba ni tun da safe, ya ce in tsaya kusa, na Kawu ne."