Tarun da na ɗaura a bakin rumfa

Ni ce na ɗaura tarun nan, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Gara in faɗa tun yanzu, don har gobe ƙannena cewa suke tsufa ne ya maida Baba ɗaka. Tsufa ya yi nashi, amma ni na san abin da na yi.

Babanmu basarke ne, masunci, kan gulbi ya yi rayuwarshi, tsakanin Malanbil da Gaya babu lungun ruwan da bai sa jirgi ba. Shekarar da ƙafafunshi sunka daina ɗaukar shi, sai ya juya wa duniya baya. Ya kwanta ya fuskanci bango, tuwo loma biyu, magana sai ka roƙa. Lokotoron asibiti ya ja ni gefe ya ce, ciwon ƙafa ba shi za ya kashe tsohon nan ba, kwanciyar ce. Ya ce mu fiddo shi waje kullum, ko da faɗa.

To faɗa kam ina da shi. Kowace safiya ni da ƙanena mu ɗauko shi kamar buhun gero, shina zagi, mu aje shi bisa tabarma cikin rumfar da nake turara shinkafa. Rumfar nan kuwa, Allah Sarki, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Gaba kaɗai ke buɗe. Ciki ga ginshiƙai, ga igiyoyin shanya sun gitta, ga tsofaffin gurar kifi na Baba da ya hana a zubar suna reto daga sama, ga buhuna har wuya, ga rabin tano, gangar ƙarfen da nake dafuwa a ciki. Ni da na jera kayan, babu ranar da ban buga goshi ba.

Da damina ta faɗi sai ga tsattsewa guda biyu. Sunka riƙa ɗebo laka da baki daga bakin gulbi, sunka manna sheƙa can ƙurya, ƙarƙashin kwanon rufi. Ban kula su ba. Wata rana ina juya shinkafa na ji murya bayana.

"Uwata, tsaya. Dubi nan."

Sunan mahaifiyarshi gare ni, shi ya sa yake ce mini haka, kuma rabon da in ji kiran nan ya fi wata huɗu. Na saki muciya na juyo. Tsuntsuwar ta taho daga waje a guje, ba ta rage gudu ba, ta bi tsakanin ginshiƙi da gura, wurin da tafin hannuna da ƙyar za ya shiga. Fuu, har ta kai sheƙa.

"Kin gani? Daidai ƙofar ta tattare fiffike, ta wuce kamar kibiya, sannan ta buɗe. In wurin tsaye yake sai ta karkace, fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa. Amma kanta ba ya juyawa, jiki kaɗai ke juyawa. Wutsiya kuwa sai ta zo sauka take baza ta."

Na ce, "Baba, ni shinkafata na ƙonewa."

Bai ma ji ni ba. Ya ce haka ake tuƙa jirgi cikin ciyawar burgu in ruwa ya cika. Wanda ya zuba wa kututture ido, kututture zai hau. Mai hankali sararin yake kallo, kuma tun bai iso ba ya riga ya zaɓi na gaba. Ranar ya cinye tuwonshi tas, ya nemi ƙari.

Daga nan shi ke tashe mu da safe, wai mun makara. Ya san macen ta hagun ginshiƙi take shiga, namijin ta ƙarƙashin igiya. Ya gane hanya guda suke bi kullum, sun haddace ta. In na matsar da buhu sai su yi ɗan turus a iska, su zagaya, su gyara, shi kuwa ya yi ta dariya kamar an ba shi kujerar Makka. Da ƙwai ya ƙyanƙyashe, zirga-zirgar ta ƙaru, suna shiga da ƙwari suna fita babu hutu. Wallahi na ji daɗi, don na samu ubana ya dawo.

Tsuntsayen gwara ne sunka ɓata lamarin. Da damina ba a shanya a fili, dole cikin rumfa, su kuma sunka gano. Garke guda, su ci, su yi kashi a kai. Ran kasuwa wata mata mai saye wurina daga Gaya ta buɗe buhu gaban mutane, ta tsinto kashin tsuntsu ta nuna mini. Kunya ta kama ni, na hau kabu-kabu na dawo gida raina na tafasa. Na ce sai na toshe bakin rumfar nan.

Baba ya ce, "Ki kore su da kara, uwata. Kar ki rufe hanya, akwai masu ɗiya a ciki."

"Masu ɗiyan nan su za su ciyar da mu?"

Ya kau da kai, ni kuma na ɗauka na ci.

Washegari da sassafe, kafin a fiddo shi, na aro tsohon taru wurin maƙwabcinmu, irin na siririn zaren roba mai kamar ruwa, na ɗaura daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Har na bar ɗan gibi can gefe. Na ce a raina, tsuntsun da ke bin tsakanin gura da igiya bai taɓa ko ɗaya ba, ai zai ga wannan ya kauce. Kai, wauta! Ni ɗiyar basarke, wadda ta san don kifi ba ya ganin zaren nan ake sayenshi. Na wuce madafa na dama koko hankalina kwance.

Muna fitowa da Baba munka same su. Tsattsewar nan biyu cikin taru, kowa daidai ƙofarshi, ita hagun ginshiƙi, shi ƙasan igiya. Namijin ya riga ya mutu, wuya ya karye. Macen na reto tana harbin iska, zare na ƙara naɗe ta.

Baba bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce mu aje shi, in yanko wurin da wuƙa in kawo. Ya ɗora ta bisa cinya, ya riƙa zare ta ido bayan ido da yatsunshi, kamar yadda yake fidda kifi ba tare da ya yaga taru ba. Ya daɗe. Da ya buɗe hannu ta tashi, fiffike guda na ɗan ja. Ta zo bakin rumfa, da babu komai a wurin yanzu don na sauke tarun duka, ta yi turus, ta zagaya sau uku, ta yi gabas. Ba ta dawo ba.

'Ya'yan sunka yi ta tsiwa cikin sheƙa. Na hau tano na kai musu tsakin shinkafa, na kai ƙudan da na kashe, ba su karɓa ba. Baba na zaune shina ji, bai ɗaga kai ba. Kwana na uku da hantsi rumfar ta yi tsit. Ya saurara, ya saurara, sannan ya ce, "Ku maida ni ɗaka."

Bai sake yarda an fiddo shi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, ya juya ga bangonshi. Tuwo ya koma loma biyu. Wata bakwai ya ƙara a duniya.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu na durƙusa gaban shimfiɗarshi, na ce, "Baba, ka yafe mini tarun nan." Ya lalubo kaina ya dafa, a hankali, babu fushi ko kaɗan a muryarshi.

"Ni na yafe tun ranar, uwata. Amma ba ni kika yi wa ba."