Sabitu Mai Gyara da Tsohuwar Kwamfutar Obadiya

Obadiya na tsakiyar buga wa wata ɗaliba aiki a shagonsa na Yelwa aka kira shi, aka ce amininsa Sabitu mai gyara ya rasu. Sai ya zuba wa kwamfutar ido, hawaye na zuba.

Da ita yake ciyar da gidansa. Shekarar da kamfanin da ya ƙera ta ya daina kula da irinta, masu shagunan layin sun sha musu kan irinta, yawancinsu na cewa a yar kawai. Obadiya kuwa ba halin sabuwa. Sabitu ya ce a kai masa ita shagonsa na Ƙofar Wambai. Shi ba ya zubar da mataccen inji, a cikinsa yake ciro wa masu sauran numfashi kaya. Ya sa mata manhaja mara nauyi, ya yi sati biyu yana koya wa Obadiya. Allah ya saka masa.

Haɗuwarsu ta ƙarshe Obadiya ya ce, "Malam Sabitu, har yaushe tsohuwar nan za ta kai?"

"Kai dai daina ɗora mata kofin shayi," in ji Sabitu yana dariya. "Ita za ta aurar maka da autarka."