Na Kira 'Yar Farina a Gaban Inna

Tun ban san ina da ciki ba nake da wannan fargabar, kada in haifi 'ya ta tashi ba ta da suna guda ɗaya da kowa ya san ta da shi.

Daga kaina abin ya faro. A rugarmu, can kusa da Falgore, akwai sunan da ake kirana da shi tun ina rarrafe. Da aka kai ni gidan miji a Kiru sai na koma Amarya, masu tsokana kuma su ce 'Yar Fillo. Da maigidan ya ɗauke ni zuwa Ibadan, inda yake sayar da tattasai da albasa, matan gidan hayarmu suka sa min Iyawo, wai matar aure ke nan da Yarbanci. Sunana na yanka kuwa sun gwada, bakinsu ya ƙi, suka haƙura.

Wata rana na bi maƙwabciyata kasuwa, cunkoso ya raba mu, na rasa hanyar gida. Maigidan ya yi ta bin layi yana faɗin sunana, har masu shagon da suke ganina kullum suka ce ba su san mai wannan sunan ba. Na yini a bakin wani shagon ɗinki, sai da yamma wani mai shayi ɗan Arewa ya rako ni. Babu abin da ya same ni. Amma tun daga ranar, in na ga ƙaramar yarinya tana tafe ita kaɗai, sai in kama kaina ina tunanin da wane suna za a neme ta.

Da cikin ya tabbata sai na shiga gwajin sunaye. Na mata kawai nake gwadawa, ban san dalili ba, jikina ne ya ba ni mace ce. Mata biyu nake gwadawa a bakinsu: Bayarabiyar da muke haɗa bango, mai tuyar ƙosai, da wata 'yar ƙabilar Ibo mai ɗan shago a ƙofar gida. Hausarsu kaɗan ce, nawa Turancin bai kai ya kawo ba, amma mun saba. Sai in nuna cikina in faɗi suna, su maimaita. Na ce Rabi'atu, mai shago ta tsaya a tsakiya ta kasa ƙarasawa. Na ce Ɗayyiba, kowacce ta fito da nata daban, suka tafa suna dariya. Zahra'u kuwa mai ƙosai ta ɗaga hannu ta ce in taimaka mata, ita tsohuwa ce.

Da na ce Maryam, duk su biyun suka amsa a tare. Ɗaya ta ce Mariyamo, ɗaya ta ce Miriyam. Na san Innata za ta ce Mairama. Kowa ya ɗan lanƙwasa shi, amma bai karye ba, duk yadda aka faɗa yarinya za ta waiwayo. Ranar na ci tuwo da yawa.

Na gaya wa maigidan yana ɗaure buhu. Bai ɗago ba ya ce, "Ke dai Allah Ya sauke ki lafiya tukuna. Kin ma san abin da za ki haifa ne?"

"In mace ce fa?"

"In mace ce sai a sa mata sunan mata."

Ban san ko ya ji ko bai ji ba. Haka na yi ta juya maganar har cikin ya tsufa, ya sa ni a mota zuwa gida goyon ciki, tunda haihuwar fari a gaban iyaye ake yi.

Na haihu ana tsakiyar yankan gero, mace, mai gashi kwance luf. Ko kallon kirki ban yi mata ba, don a wurinmu 'yar fari ba taki ba ce a gaban mutane. Ba kya ɗaukarta in da babba a ɗakin, ba kya yi mata wasa, ba kya kiran sunanta. In ta yi kuka sai ki kau da kai, sai an ce miki ki ba ta nono, ki karɓa kamar an tilasta ki. Innata haka ta yi da yayanmu, har yau ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma duk rugar ana yabonta a kan haka. Ni ma na san za a zuba min ido a ga ko 'yar gida ce ni, ko Kudu ta wanke min kunya.

Ana saura kwanaki suna maigidan ya iso Kiru, ya kira ni a wayar Baffa, mahaifina. Sai da na hau kan tudun bayan garke kafin muryarsa ta fito. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba ya yanke magana. Za a mayar da sunan marigayiya."

Mahaifiyarsa yake nufi, wadda ta rasu kafin aurenmu. Na ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya raya mai sunan." Me zan ce? Uwa ce, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗi aibinta ba. Na sauko daga tudun na koma ɗaki.

Ba rashin Maryam ne ya fi damuna ba. Sunan surukata babu mai iya kamawa. 'Ya'yanta ba za su faɗa ba, mijinta ba zai faɗa ba, ni balle. Ke nan za a raɗa shi ranar suna a ajiye, sai kuma ranar ɗaurin aure. Abin da yarinya za ta rayu da shi laƙabi ne, shi kuwa laƙabi kowane gida da nasa. Tun kafin sunan na fara ji. Goggona, ƙanwar Baffa, wadda take min wankan jego, in ta ɗauki jaririyar sai ta ce Dada, wato uwa da Fillanci. Dangin uban a Kiru na san Mama za su ce. Shi kansa a waya har ya fara tambayar ya Ummi. Can Ibadan kuma ban san me za su ƙirƙiro ba in suka ji ana ce wa jinjira Mama. Yarinya ko cibiyarta ba ta faɗi ba, ta kama hanyar da na bi.

Na daina jin daɗin kunun kanwa. Ana zuba min ruwan zafi da ganyen darbejiya, ni hankalina yana wani wuri. A nan na tuna Nana. Na taɓa gwada shi a bakin matan nan biyu, suka faɗa tsaf babu ko gargada, mai ƙosai har tana cewa wannan ko marar haƙori zai iya. Na ajiye shi ne a lokacin don ba sunan yanka ba ne. Ga shi sunan marigayiya yana cikin waɗanda ake yi wa laƙabi da Nana, babu wanda zai ce an kauce. Fulani suna faɗinsa, Hausawa suna faɗinsa, malamin makaranta ma ba zai sha wuyar rubutawa ba.

Saura wanda zai fara furtawa. Laƙabi a bakin mata yake kamawa, ranar suna, wanda aka fi maimaitawa shi ne yake bin yaro. Na ce bari in bi ta wajen Goggo. Da safe muna bayan ɗaki, tururi ya rufe mu, na ce, "Goggo, da za a riƙa ce mata..."

"A ce wa wa?"

"Ita... baƙuwar."

Ta tsayar da ganyen a sama. "Kul! Ke da 'yar fari? Wato har kin zauna kin yi mata tunani? Juya min bayanki, ruwa yana hucewa."

Na juya. Ban sake samun fuskar maganar ba.

Ranar suna mutanen Kiru suka zo, mota ta sauke su a bakin titi, 'yan achaɓa suka ƙaraso da su ta cikin gonaki, ragon ma a kan babur aka rungumo shi. Da hantsi maza suka taru a gindin tsamiya, aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa suna. Wanzami ya yi aski. Ni ina ɗaki, na juya fuska bango, mayafi har goshi, kamar yadda ake so.

Bayan azahar mata suka cika ɗakin. Yayar maigidan, mace mai ƙiba da murya, ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta sama. "Oyoyo Mama! Mamanmu ta dawo. Ku dubi goshin, wallahi nata ne sak."

Goggo ta ce, "Goshin Dada dai. Wannan dogon hancin kuma a Kiru kuka samo shi?"

"To mun ji, hanci naku. Amma Mama tuwo za ta ci, ba za ku shanya mana ita da nono ba kamar sillen kara."

"Dada ta sha kindirmo ta yi kyau, ba ta zama buhun masara ba."

Ɗaki ya ɗauki shewa. Wannan ta karɓa ta ce Mama, waccan ta karɓa ta ce Dada, jaririyar tana yawo daga cinya zuwa cinya. Innata tana zaune bakin ƙofa tana gyara ƙwarya. Ina ji a jikina in rana ta faɗi a haka, shi ke nan, kowa zai tafi gida da nasa. Na ce a raina bari in bari, wasu ma haka suka tashi. Sai yarinyar ta tsala kuka, mata biyu suka sunkuya kanta, kowacce tana rarrashinta da sunan da ta ga dama.

Na ce, "Nana."

Babu wanda ya ji. Na juyo daga bangon, na janye mayafin, na ce, "Nana za a riƙa ce mata. Yaya, miƙo min ita, yunwa take ji."

Kowa ya juyo yana kallona. Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Goggo ta kama haɓa. Innata ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta miƙe ta fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Yayar maigidan ce ta mayar da abin wasa. Ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Ikon Allah! Yau ga 'Yar Fillo ta yi magana. 'Yar farin ce fa, Amarya! To ungo Nanarki, kada ki cinye mu."

Na karɓe ta a gaban kowa, na ba ta nono. Kaina a ƙasa, amma ban mayar da mayafin ba.

Dariyar nan ita ta yi min aiki. Yaya ta koma Kiru da labarin, duk gidan da ta shiga sai ta kwaikwayi muryata, "Nana za a riƙa ce mata." Tun ana faɗa da tsokana har bakin kowa ya saba. Maigidan ya yi min faɗa a waya, ya ce na ba shi kunya a gaban surukai, bai gama faɗan ba ya ce to ya Nanar take. Da muka koma Ibadan mai ƙosai ta karɓe ta ta faɗa sau ɗaya, daidai. Yanzu yarinyar tana gudu ko'ina, daga kowane shago aka kira ta tana waiwayowa.

Innata ce ban samu ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga min murya ba. Har na yi arba'in gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice. Na ji a bakin Goggo cewa ta daina zuwa rijiya lokacin da mata suke taruwa, sai rana ta take. Ranar da zan tafi ta ɗaure min man shanu da dawo a ƙwarya, ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya," tana kallon shanu. Duk rugar yanzu Nana suke cewa, har Goggo. Inna kaɗai in mun je takan ɗora ta a cinya ta ce Dada, yarinyar ta yi ta kallonta ba ta san da ita ake ba. Ni kuma in tashi in shiga ɗaki. Wani lokaci ina wanke-wanke sai abin ya faɗo min, in ce da na yi shiru, can kuma in ce da na yi shirun fa? Har yau ban tsaya a wuri ɗaya ba.

Roƙona ga duk wadda ta karanta wannan, in ke goggo ce, ko yaya, ko ke kike yi wa wata wankan jego: in kun keɓe daga ke sai ita, ki tambaye ta a hankali me take so a riƙa kiran abin da ta haifa. In ta faɗa miki, ki je ki faɗa a cikin mata kamar daga gare ki ya fito.