Ranar da Tankar Sokawe Ta Zama Baƙuwar Kowa

Ku da kuka zo aikin nan bayan gasar cin kofin duniya kuna yawan yi mini dariya idan kun ga na buɗe littafin umarni ina bin layi da yatsa kamar ɗan firamare. To firamaren dai na yi, kuma ku yi dariyarku. Akwai wata safiyar Talata da har yau ba ta fita raina ba, ita ce dalili.

Lokacin saura 'yan makonni a fara gasar. Ina shugaban shif na rana a wani rukunin gidaje a Mu'aither, gida talatin da biyu, ƙofa ɗaya. Shugaban shif ba wani babban muƙami ba ne. Kai ne mai riƙe rajista da makullai, kai ne kuma ake fara kira idan abu ya lalace. Sama da ni akwai sufabaiza, Oga Jozef, ɗan Kenya, mai zagaya wuraren aikinmu da mota. Sama da shi akwai kamfani, wato kafil ɗinmu, wanda da sunansa nake zaune a ƙasar nan. Idan kamfani ya ce khalas, wato an gama, sai filin jirgi.

Dokar ƙofarmu tun zamanin korona aka rubuta ta, lokacin da muke auna zafin jikin mutane muna duba koriyar alamar lafiya a wayarsu. Baƙon gida, mai gidan ne zai sa masa hannu a rajista. Motar da ke yi wa rukunin gaba ɗaya aiki kuwa, sai da takardar izini ta wata-wata, mai hannu biyu: na shugaban kwamitin mazauna da na ma'aji. Cutar ta lafa, aka daina auna zafi, amma ba wanda ya janye dokar. A farkon shekarar an sallami wani abokin aikinmu saboda ya bar motar masu fenti ta shiga ba takarda. Ni na raka shi Asian Town ya sayi jakar da zai zuba kayansa. Tun daga ranar biro biyu nake ɗauka a aljihu, kuma sau uku nake duba kowace takarda.

Sai kwamitin ya rabu biyu a kan kasafin kuɗi. Shugaba shi ne Dakta Sani, likita ɗan Zariya. Shi da mutanensa suna so a ƙara masu gadi da kyamarori, tunda wasu za su sauki baƙin ƙwallo a gidajensu. Ma'aji kuwa wata mata ce 'yar Lebanon, Madam Rima. Ita da nata mutanen suka ce mai son baƙi ya tsare baƙinsa da aljihunsa. Suka zauna sau uku ba su daidaita ba. Madam ta ce ba za ta ƙara sa hannu a komai ba sai an cire ƙarin. Dakta ya rufe ofishin kwamiti, ya ce ba zai buɗe ba sai an amince da kasafin. Kowannensu yana ganin ɗayan ne zai fara jin zafi.

Wanda abin ya yi wa daɗi shi ne Mista Wes na gida na ƙarshe, injiniya ne Ba'amurke. Kowace safiya idan ya dawo daga tafiyar motsa jiki yakan tsaya a ƙofa, wani lokaci da shayin madara da ake kira karak kofi biyu. Turancina na geti ne, amma yana yi mini magana a hankali. Ya ce su ana kiransu libatariyan, wato masu ra'ayin gwamnati ta taƙaita, ta bar kowa ya tafiyar da rayuwarsa matuƙar bai cuci wani ba. Ya ce a ƙasarsu idan jam'iyyu biyu suka kasa daidaitawa a kan kasafi, sai a rufe ofisoshin gwamnati da yawa, a yi ta ihu a talabijin kamar duniya za ta tashi. Amma rana tana fitowa, shaguna suna buɗewa, jirage suna tashi. A ganinsa jam'iyyun biyu ba su da bambanci, kowace so take ta kashe kuɗin mutane a kan abin da ita take so, faɗan kawai a kan wa zai riƙe jakar ne. Ya nuna ofishin da aka rufe ya ce in duba, mako biyu ke nan, wa ya mutu?

Gaskiya wani abin na yarda da shi. Tunda aka rufe ofishin na huta da takardun hana shanya a baranda. Amma na tambaye shi, jiragen da suke tashi ɗin, wa yake zama ya kula da su? Ya ce akwai waɗanda ake cewa aikinsu dole ne, su ba sa tafiya gida. Ya yi dariya ya ce, “Irinka, Yusuf.” Ni ban yi dariya ba, domin na riga na duba kalanda. Takardun izini duk za su ƙare a ƙarshen wata.

Unguwar ba a haɗa ta da babban bututun gari ba a lokacin. Duk ƙazantar gidajen a sokawe ɗaya take taruwa, tanka take zuwa sau biyu a mako ta zuƙe. An biya kamfanin tankar har ƙarshen shekara, saboda haka ba maganar kuɗi ba ce, maganar takarda ce. Na rubuta wa Dakta, na rubuta wa Madam, kwana biyar kafin lokacin. Kowa ya karanta, ba wanda ya amsa.

Zuwan tanka na farko bayan ƙarewar takarda, na mayar da ita. Na kwana ina tunanin ramin nan. Ranar Talata da sassafe na je na duba, na tarar ruwa ya fara tsattsafowa ta bakin murfi, wari ya cika wajen lilon yara. Ƙarfe goma tanka ta iso. Direban, Nawaz, ɗan Pakistan, ya leƙo ya ce awa ɗaya yake da ita, domin akwai lokacin da ake hana manyan motoci hawa titi, idan ya wuce sai Juma'a ta wuce.

Na kira Oga Jozef. Ya ce kada in buɗe sai da sa hannu, kuma in tuna da wanda aka sallama saboda motar masu fenti. Na kira Dakta, na same shi zai shiga tiyata. Na ce, “Ranka ya daɗe, ramin ya cika.” Ya ce, “Malam Isuhu, wallahi na san kana cikin wahala. Ta sa nata, ni ina fitowa zan sa nawa.” Na kira Madam. Ta ce idan ta sa hannu a matsayin ma'aji, ta amince ke nan ofis yana aiki da kasafin Dakta, shi ya fara buɗe ofishin.

Na tsaya da waya a hannu. Idan na buɗe, aikina ya tafi, ga yara huɗu a makaranta a Funtuwa. Idan ban buɗe ba, kafin la'asar ƙazanta za ta shiga gidajen ƙarshe, kuma na san ba za a ce laifin kwamiti ba ne, za a ce mai gadi yana gani ya ƙyale.

Sai ga Mista Wes ya taho da sauri, ya toshe hanci da hankici, domin gidansa ne a jikin ramin. Ya ce in buɗe kawai, wanda ya yi dokar ya kulle ofis ya tafi, dokar ta mutu. Na ce masa a wurinsa ta mutu, a wurin kafil ɗina tana nan da ranta. Shi idan aka yi fushi da shi wasiƙa za a aiko masa, ni tikiti za a aiko mini. Ya ce gaskiya ne, bai yi tunanin wannan ba.

A nan ne karatun da kuke yi mini dariya a kai ya yi amfani. Littafin umarnin nan na sa wani malamin jami'a ɗan Kano ya fassara mini shi layi-layi, na rubuta Hausar a gefe da fensir. Na san babu inda aka ce baƙon gida sai mutum mai tafiya da ƙafa. An ce duk wanda mai gida ya gayyata, da motarsa, mai gidan ya sa hannu ya ɗauki alhakin duk abin da ya ɓata. Na buɗe shafin na nuna masa. Na ce ya sa hannu tanka baƙuwarsa ce, in buɗe yanzu.

Sai ya ƙi. Na zaci tsoro ne, amma ba shi ba ne. Ya ce abin da ke cikin ramin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, ba zai ɗauki alhakin gida talatin da biyu ba, kuma ba zai tilasta wa kowa ya ɗauka ba. A tambayi kowa, wanda ya yarda ya sa hannu da kansa. Ya karɓi biro ɗaya daga aljihuna ya ce, “Yalla, mu je, kai ka riƙe littafin, ni zan buga ƙofa.”

Na bar abokin shif ɗina a geti, na gaya masa sau biyu kada ya taɓa sandar ƙofa ko wa ya zo. Muka bi gida-gida cikin rana. Yawancin maza sun tafi aiki, mata muka samu da tsofaffi. Ni ina duba agogo, shi yana bayani. Wasu ba su bari ya gama ba, wari ya riga ya yi musu bayani. Hajiya matar Dakta ta sa hannu tana cewa ai da tuni ita aka tambaya. Gida uku suka ƙi, ɗaya ya ce shi yana biyan kuɗin hidima, ba aikinsa ba ne. Raina ya ɓaci, amma Mista Wes ya yi masa godiya, ya ce mini haƙƙinsa ne ya ƙi.

Ƙofar da na fi jin tsoro ita ce ta Madam Rima. Ta fito ta karanta shafin daga sama har ƙasa. Ta tambaya ko takardar kwamiti ce. Na ce a'a, Madam, rajistar baƙi ce, lambar gida kawai ake rubutawa da suna. Ta kalli sunan Hajiya a sama, ta kalle ni, ta rubuta nata a ƙasansa. Ba ta rubuta ma'aji ba.

Saura minti goma awar Nawaz ta cika muka dawo da hannu goma sha tara. Na rubuta lambar motar, na rubuta lokaci, na sake duba lambar, sannan na ɗaga sanda da hannuna. Na tsaya a bakin ramin har ya gama, kada ya goge motar wani ko ya fasa dakali. Bai taɓa komai ba.

Da la'asar Oga Jozef ya zo fuska a ɗaure, domin ya ji tanka ta shiga. Na miƙa masa rajista. Ya karanta sunayen, ya tambayi takardar izini. Na ce babu, baƙuwa ce. Na buɗe masa littafin umarni a inda na ja layi. Ya karanta sau biyu, ya ɗauki hoton shafin ya aika ofis, muka tsaya muna jira a rana. Da amsa ta zo ya nuna mini wayar. An ce babu laifi a kan mai gadi. Ya mayar mini da littafin ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa ganin baƙo mai masu masauki goma sha tara ba, kuma mai irin wannan ƙamshi.

Kwamitin bai buɗe nan take ba. Sau uku muka ƙara zagayen nan ni da Mista Wes. A na uku mutane suka gaji da bugun ƙofa, suka matsa wa Dakta da Madam, aka zauna aka raba bambancin: an sa kyamarori, ba a ƙara masu gadi ba. Mista Wes ya ce abin ya tabbatar da maganarsa, maƙwabta sun yi aikin ba tare da hukuma ba. Na ce masa ni abin da na gani shi ne gida ukun da suka ƙi sa hannu, tanka ba ta bar musu nasu a ramin ba. Ya yi dariya har ya zubar da shayi, ya ce a kan wannan wurin su ma junansu gardama suke yi. Bai canja ra'ayi ba, ni ma ban canja ba, kuma bai daina kawo karak ba har ya bar ƙasar.

Ni ba ɗan siyasa ba ne, ban san wace jam'iyya ce mai gaskiya a ƙasarsu ko a tamu ba. Abin da na sani na tabbata da shi. Idan manya suka yi faɗa suka kulle ofis, aikin ba ya kulluwa, gangarowa yake yi ya tsaya a bakin ƙofa, inda ɗayanmu yake tsaye. Ranar ba Dakta zai cece ka ba, ba Madam ba, ba kuma mai cewa ka buɗe kawai ba. Dokarka za ka sani fiye da wanda ya rubuta ta, kuma ka san ƙofar da za ka buga. Mutanen cikin gidajen nan sun fi kwamitinsu sauƙin kai, idan ka je musu ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu.

Hoton shafin yana nan a wayata. Sunan Dakta ne na ashirin, da ya dawo daga asibiti ya zo geti da kansa ya ce in ba shi littafin. Na ce ai baƙuwar ta riga ta tafi, ranka ya daɗe. Ya ce ya sani, in dai ba shi biron.